Wane faifan Tosca ya kamata ka saya?

Duk wanda zai sayi wasan opera na Tosca, wato wasan kwaikwayo da ake rera shi da waƙa da kiɗa, wanda Giacomo Puccini ya rubuta aka fara nuna shi a birnin Rum ranar 14 ga Janairu 1900, zai tarar da faifai iri-iri har kansa ya ɗaure. Ni dai a wurina maganar ba ta da tsawo: ka nemi wanda kamfanin EMI ya ɗauka a gidan wasan La Scala na Milan a watan Agustan 1953, Victor de Sabata yana jagorancin makaɗa, Maria Callas tana Tosca, Giuseppe Di Stefano yana Cavaradossi masoyinta, Tito Gobbi yana Scarpia. Wahalar ba ta zaɓe ba ce, ta samun kwafi mai kyau ce.

Abin da ya ɗaga wannan faifai shi ne gudun kiɗan. Wasan yana buɗewa da dunƙulen sauti uku masu nauyi, B filat, A filat, sannan E (sunayen matakan sauti ne a kiɗan Turawa), waɗanda ke nuna Scarpia, mugun shugaban 'yan sanda. De Sabata yana sauke su da dukkan ƙarfin makaɗa, ba ya bari su huce sai ya afka cikin kiɗan Angelotti, fursunan da ya tsere ya shigo coci yana haki. Tun daga nan hankalin mai sauraro ba ya sake kwanciya. A ƙarshen kashi na farko, wurin Te Deum, waƙar yabon Ubangiji ta coci, ƙararrawa biyu suna ta maimaita sauti biyu a ƙasa, igwa tana tashi, shi kuma Gobbi yana furta mugun nufinsa ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kansa. De Sabata ba ya ƙara sauri a nan, nauyi yake ƙarawa a hankali har jama'ar coci su rufe komai.

A kashi na biyu ne za ka ga amfanin wannan riƙo. Waƙar Vissi d'arte, wadda ke sauka a E filat mejo, ita ce inda madugan makaɗa da yawa ke sakin linzami, su bar mawaƙiya ta ja kowane sauti yadda ta ga dama, sai wasan ya tsaya cik. A nan kuwa tana tafiya a hankali amma ba ta tsayawa, Callas tana rera ta a matsayin addu'ar matar da aka ƙure, ba don a tafa mata ba. Haka ma E lucevan le stelle a kashi na uku, mai zama a B maino: busar kilarinet ce ke fara ɗauko waƙar, Di Stefano yana shigowa kusan da raɗa, kuma a 1953 muryarsa tana nan da taushinta. Aibinsa ɗaya, mono ne, wato sautin duka daga waje ɗaya yake fitowa. Bayan minti biyar kunne ya saba.

Idan lallai sitiriyo kake so, akwai na madugu Herbert von Karajan na 1962 da makaɗan Viyana, Leontyne Price tana Tosca. Sautinsa ya fi faɗi nesa ba kusa ba, gudunsa ya fi natsuwa, sai dai muryar Di Stefano, wanda shi ne Cavaradossi a nan ma, ta riga ta fara gajiya. Na Callas na biyu, wanda aka ɗauka a Faris a 1964 da madugu Georges Prêtre, manyan sautukanta na sama suna rawa. Na Karajan na 1979 da makaɗan Balin kuwa, ƙarfin kiɗa ya danne Katia Ricciarelli mai rera Tosca.

To, sai batun 'yan damfara, wanda ya fi komai cin kuɗin mutane. Haƙƙin mallakar faifan 1953 ya ƙare a Turai bayan shekara 50, don haka ƙananan kamfanoni barkatai suna buga shi. Wasu daga tsohon baƙin faifai suke kwafa, kuma idan injin bai juya daidai 33 da sulusi a minti ba, gudu da sauti duka sun lalace tare. Ƙarin gudu na kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga sauti da rabin mataki cur: B ya koma C, muryar Callas ta sirance, ta Gobbi ta rasa kaurinta. Ko kashi 1 cikin ɗari ya isa mai kunne ya ji wani abu ba daidai ba. A intanet ma akwai masu canza sautin da gangan don kada a gane sun saci faifan, da masu sauke sautin kaɗan su rubuta "432 Hz" suna tallar wai ya fi daɗi. Duka ka guje su.

Gwajin ba shi da wuya. Sa manhajar saita jita a wayarka, kunna ƙarshen E lucevan le stelle, ka duba sautin da makaɗa suka rufe da shi. B ya kamata ta nuna. Idan allurar ta ɗan haura kaɗan ba komai, makaɗan Turai sukan saita kayansu sama da 440 Hz, ma'aunin da aka saba saita sautin A a kai, da ɗan abin da ba a rasa ba. Idan ta nuna C ko B filat, kwafin ya ɓaci.

Kada kuma ka yarda da kwalin da aka rubuta sitiriyo a kan faifan 1953. Na jabu ne, an raba sautin mono gida biyu an ƙara masa amsa-kuwwa, sai muryoyi su zama kamar daga cikin rijiya suke fitowa. Wasu kuma garin goge shuuu ɗin tsohon tef sukan goge har da hasken sautin kiɗan goge da numfashin mawaƙa.

Tarko mafi muni shi ne sunan Callas da Di Stefano a bango. Su biyun sun yi Tosca a Mekziko a 1952, an ɗauke shi kai tsaye daga dandali da sauti mara kyau, kuma ana sayar da shi da hoto mai ɗaukar ido. Ka juya bayan kwali ka nemi suna uku: De Sabata, Gobbi, La Scala. Idan ɗaya ya ɓace, ba shi ba ne. Cikakken wasan faifan CD biyu ne, bai kai awa biyu ba. Guda ɗaya tak zaɓaɓɓun waƙoƙi ne kawai. Bugun da za ka amince da shi shi ne na Warner Classics na 2014, wanda aka gyara daga tef na asali a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, ko na Naxos Historical da Mark Obert-Thorn ya shirya idan kuɗinka bai kai ba.