Gargaɗi kan mai da'awar wanke hoton azurfa a Maradi

Jika 85 na biya mutumin nan, wato sefa 85,000, domin ya wanke mini hotuna shida na marigayi mahaifina irin na da, baƙi da fari a kan takardar azurfa, sai ya kawo mini abin da firinta ta fesa da tawada. Ba zan ambaci sunansa ba tukuna, amma saƙonninsa na WhatsApp da rasit ɗin aika kuɗin suna hannuna, kuma zan ɗora su kowa ya gani.

Kada wani ya ce ban san abin da nake saya ba. Kawuna ya yi sana'ar hoto a Sabon Gari, kuma na tashi ina ganin yadda ake haska nagatif, wato fim ɗin da kyamara ta ɗauki hoton a kansa, a kan takarda cikin ɗakin duhu da jar fitila, a tsoma ta cikin magani har fuska ta bayyana, a tsoma ta cikin wani ya kafe ta, sannan a daɗe ana ɗauraya. Hoton da ya fito ta wannan hanya babu tawada a jikinsa ko kaɗan. Ƙwayoyin azurfa ne a cikin jalatin, wani abu mai danƙo da aka shafe takardar da shi, shi ya sa baƙinsa yake da zurfi, ana ganin zaren aikin babbar riga ko da a cikin inuwa, kuma in an ɗauraye shi da kyau yana iya wuce shekara 100.

Irin wannan hoton mutumin nan ya miƙo mini a ƙofar gidana a unguwar Zariya, ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji." Na taɓa, na ji kaurin takardar, na ga ɗan lanƙwashewar da take yi bayan ta bushe, na ɗaga ta a rana. Samfurin na gaske ne, har gobe a kan haka nake, kuma wannan "taɓa ka ji" ita ce take hana ni barci. Ya ce takardar Ilford yake amfani da ita, na kuwa san kamfanin yana yin ta a Ingila har yau. Nan take na ba shi jika 50 da nagatif shida. Ragowar jika 35 na aika masa daga baya, bayan ya kawo hotunan, a'a, kafin ya kawo, domin ya ce zai sayi firam, kuma ya kawo su ne a rufe da gilashi an liƙe bayansu.

Ruwan damina da ya yoyo a bangon falo shi ya tona asiri, rawanin mahaifina a cikin hoton ya narke ya koma kore-kore. Hoton da cikin ruwa aka haife shi ba ya zubar da launi. Na ɓalle firam, na kai wa mai gyaran agogo a Babbar Kasuwa muka duba da gilashinsa, sai ga ɗige-ɗigen tawada jere a ko'ina. Tun kafin nan ma lambar wayar mutumin nan ta daina shiga.

Kada ku karɓi hoto a cikin firam, kada ku biya sai kun ga ɗakin duhun da idonku. Jika 85 ta tafi, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne nagatif ɗin nan shida, waɗanda mahaifiyata ta adana cikin akwatinta tun 1974, har yau suna hannunsa.