Biya yau, ɗauka gobe: ajiyar katako a rumfunan Yamai

A kasuwar Katako ta Yamai, da wasu rumfunan bakin hanya cikin unguwanni, akwai tsarin da masu sayar da katako ke yi wa mai gini: ka biya kuɗin kaya a farashin yau, a rubuta maka resi, katakon ya zauna a rumfa sai ranar da aiki ya iso gare shi. Galibi ba a karɓar kuɗin ajiya, don shi ma mai rumfar da ribarsa a ciki, da kuɗinka zai juya ya sauke wata mota. Tsarin yana da amfani, amma ba ga kowane katako ba, kuma ba da kowace irin takarda ba.

Abin da ke tura mutane gare shi a fili yake. Katakon gini daga ƙasashen kudu masu daji yake zuwa mana: Najeriya, Gana, Kodibuwa, Benin. Duk abin da ya taɓa hanya ya taɓa farashi. An gani sa'ad da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin CEDEAO ya tsayar da motoci. Ko bayan ɗage shi a Fabrairun 2024 gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ba ta buɗe ba, manyan motoci da yawa suka koma zagaye ta Togo da Burkina Faso. Ƙara da kuɗin gazuwal da na duwan. Naira kuma idan ta faɗi, katakon Najeriya kan yi ɗan sauƙi a sefa, amma na ɗan lokaci ne kafin masu injin yanka su ɗaga nasu. Shekara ma da nata juyin: daminar kudu ta fi tamu tsawo, hanyoyin daji su caɓe, kaya su ragu, wanda ya iso kuma ya iso da ruwa a jikinsa. A ganinmu, daga Disamba zuwa Fabrairu aka fi samun zaɓi.

To amma farin katako na kafiraje, wato akwatin da ake zuba kankare a ciki, irin samba, kada ka yi masa doguwar ajiya ko da an ce gobe zai tashi. Itace ne mai laushi. Idan ya zauna a jibge da danshi sai ya yi baƙi-baƙi, ƙwaro ya shiga yana zubo gari kamar na dawa. Idan iskar hunturu ta same shi a fili sai ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, bakinsa ya tsage, planshi mai faɗin santimita 30 ya rasa kusan santimita ɗaya. Ranar zuba kankare ruwan siminti ta wannan kafar zai tsiyaye, a kwance a tarar da poto, wato ginshiƙin kankare, duk ramuka kamar saƙar zuma. Ɗan abin da ka tsira da shi a farashi ya tafi wajen gyara.

Shi ana sayensa daki-daki ne, mako ɗaya ko biyu kafin aiki, kuma ba ya bukatar yawan da wasu masu kafiraje ke rubutowa. Poto mai 20 da 20, tsawon mita 3, gefe huɗu gare shi, wato planshi huɗu masu mita 4, guntayen da suka rage su zama maɗauri. Gida mai poto 16 ba planshi 64 yake so ba. A haɗa akwati huɗu da planshi 16, a zuba, bayan kwana ɗaya ko biyu a kwance a matsa gaba. Idan an shafa masa mai kafin zubi, aka kuma cire ƙusa a hankali, planshi yakan yi zagaye uku ko huɗu. Dal, wato rufin kankare, ita ce ta bambanta. Abin da ke tallafe da ita sai ya yi kwana 21 zuwa 28 ba a taɓa shi ba, don haka kayan duka lokaci guda ake bukatarsu. A nan biyan kuɗi tun da wuri yake da ma'ana, muddin an riga an sa ranar zubi kuma ƙarfe da siminti suna hannu.

Jan katako na rufi da ƙofofi shi ne na saye da wuri, don jira ƙara masa kyau yake. Sai dai wanda ke da fili mai inuwa da mai gadi gara ya kwashe abinsa gida. A jera bulo, a ɗaga shi daga ƙasa kamar santimita 40. Tsakanin layi da layi a sa siraran sanduna masu kaurin santimita 2, kowane santimita 60, kowace a saitin ta ƙasanta. Idan suka karkace katakon ma zai bi su. A shafa fenti a bakuna biyu don kada su riga tsakiya bushewa su tsage, a ɗora kwano a sama a danne da bulo. Kada a naɗe shi da leda, gumi zai yi. Kowane mako a leƙa ƙasan bulon, idan aka ga hanyar ƙasa ta gara ta fara hawa a karya ta a sa magani. Karbonil kuma, maganin ƙwaro da gara, sai katako ya sha iska ake shafa shi, ɗanye ba ya shan komai.

Inda tsarin ajiya ya fi cin mutane shi ne resi. Da yawa abin da ake rubutawa bai wuce "planshi 40, an biya" ba. Ranar ɗauka sai yaron rumfa ya jawo na motar da ta zo daga baya, ya ce, "Alhaji, ai duk planshi planshi ne." Ba haka ba ne. Mai mita 4, faɗi 30, kauri 3, awonsa 0,036 na mita kib. Mai faɗi 27, kauri 2,5, awonsa 0,027. Kashi ɗaya cikin huɗu na kayanka ya tafi, adadi kuma cif yake, babu abin da za ka kama. Haka shebron, katakon rufi mai kusurwa huɗu, mai 8 da 8 ke komawa 7 da 7 a hannun wanda bai zo da abin awo ba. Ba lallai mugunta ba ce, injinan yanka ne ba bakinsu ɗaya ba, amma asarar taka ce.

Rumfar kirki ana gane ta tun daga nan: ta yarda a rubuta irin itacen, tsawo, faɗi, kauri, adadi, da ranar ƙarshe ta ɗauka, a buga hatimi. Ta bar ka da kafintanka ku zaɓa ɗaya bayan ɗaya, ku ɗaga baki ɗaya ku hango tsawonsa da ido guda, ku ture mai nauyin ruwa, da mai farin gefe a jan katako, don nan ƙwaro ke fara ci. Abin da kuka zaɓa a ware shi, a shafa masa fentinka a baki, ka ɗauki hoto da waya. A kuma faɗa gaban shaida wa ke ɗaukar asara idan ruwa ya shiga ko wuta ta tashi, tunda gobara ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu. Mai rumfar da ya ce "haba maigida, ba ka yarda da ni ba ne?" maimakon ya ɗauko biro, ka saya ka ɗauka a ranar.

Da waɗannan sharuɗɗa, ajiyar wata ɗaya zuwa biyu ta yi. Ta haura wata uku, ko za ta ratsa Agusta a rumfar da ƙasanta ke shan ruwa, ba mu ba da shawara ba. Ranar ɗauka kuma a ƙirga sau biyu, a bakin rumfa da bakin fili, a gaban mai amalanken da ya kawo.