Kurfoti mai yumɓu a ciki, wata huɗu ina girki da shi

Yan uwa mata masu tambayata a kan kurfotin nan da maigidana ya sayo mini a kasuwar Wudil ranar wata Juma'a, toh ga abin da na gani. Jikinsa ƙarfe ne ta waje, cikinsa kasko ne na yumɓu mai ɓula-ɓula inda toka ke zuba, da ƴar ƙofa a ƙasa ta iska.

Wlh da na fara ganinsa raina shi na yi, yumɓun duk kaushi kamar ba a tankaɗe ƙasar ba, har na ce Baban Yara an cuce ka. Ashe da gangan ne. Ƙanina da yake karatun injiniya shi ya fahimtar da ni, ya ce tsingaro ake dakawa a kwaɓa da yumɓun kamar yadda magina tukwane suke yi tun kaka da kakanni, wasu har ɓuntun shinkafa suke zubawa, in an gasa ɓuntun ya ƙone ya bar ƙananan ramuka, su ne suke riƙe zafi ya dinga bugun gindin tukunya maimakon ya bi iska. A Kenya aka fara yaɗa irinsa wajen 1980 da ƴan kai, can jiko suke ce masa. Wai ma masu ƙera injin jirgin sama irin wannan dabarar gauraye suke yi. Nidai na ce masa ni tuwona ya dame ni.

Kuma gaskiya yana tsimin gawayi, wanda nake dafa wake da shi a tsohon kurfotina yanzu har ruwan wankan yara yake ɗumama min bayan na sauke, ba yawan fifita.

Matsalarsa nauyi, sannan ba ya son ruwa in ya ɗau zafi. Ƴata ta sheƙa masa ruwa don ta kashe garwashi, sai ji muka yi ƙas! Ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa, amma tsagar a nan ta tsaya, sati shida kenan ba ta ƙaru ba. Mai sayarwar ko a jikinsa, bai faɗa mana ba, kuma ya ce ba ya sayar da kaskon shi kaɗai, wannan kam ya ɓata min rai.

In za ku saya ku ƙwanƙwasa kaskon da ɗan yatsa, in ya yi ƙara tangaran ya gasu, in ya yi dum ku ajiye masa kayansa. Garwashi kuma a kwashe a tukunya a rufe.