Tsakanin Disneyland ta Kalifoniya da Disney World ta Filorida, Hajiya ki kai yaran Kalifoniya

Assalamu alaikum Hajiya. Tunda kwana huɗu ke gare ku, kuma hankalinki ya rabu tsakanin wuraren shaƙatawa biyu na kamfanin Disney, wato Disneyland da ke Anahaim a jihar Kalifoniya da Walt Disney World da ke kusa da Olando a jihar Filorida, shawarata ita ce ki yanki tikitin Kalifoniya. Katin shekara na can yana hannuna, kuma na taɓa kashe kuɗi mai kauri a kan tafiyar mako guda zuwa Filorida wadda har yau nake jin ciwonta, saboda haka abin da zan faɗa miki na gani ne da idona. Maganar da kika ji masoya wuraren suna yi, cewa an lalata komai kuma ba kamar da ba, tana da tushe, amma ba ta faɗa wa wuraren biyu daidai wa daida ba.

Disneyland ita ce uwa. An buɗe ta ranar 17 ga Yulin 1955 a kan filin da a da gonakin lemo ne, wajen eka 160, kuma ita kaɗai ce a cikin wuraren kamfanin da Walt Disney, wanda ya kafa kamfanin, ya taka da ƙafarsa bayan an kammala, domin ya rasu a Disambar 1966, shekara biyar kafin a buɗe ta Filorida ranar 1 ga Oktoban 1971. Da kin shiga ƙofa kika bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ki dubi hannun hagu, za ki ga ginin 'yan kwana-kwana. A saman ginin akwai ɗan ɗakin da mutumin yake kwana da iyalinsa lokacin da ake aikin, kuma har yau akwai fitila a tagar da ake barinta a kunne domin tunawa da shi. Na tsaya a nan da mahaifiyata a wata ziyara da ta kawo mana, da yamma lis, rana tana shirin faɗuwa. Ba ta jin Turanci, ba ta san ko ɗaya daga cikin finafinan ba, amma da na gaya mata labarin fitilar sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce lallai mutanen nan sun san darajar wanda ya kafa gida. Daga nan muka hau jirgin ƙasa mai tururi da ke kewaye wurin tun ranar buɗewa, ita da jikarta mai shekara biyar a gefenta, yarinyar tana ɗaga wa kowa hannu. Da muka dawo tashar da muka hau, Mama ta ce kada mu sauka. Sau uku muka zaga. Ba mu biya ko sisi a kan kuɗin shiga ba, ba mu tsaya dogon layi ba, kuma duk abubuwan hawa masu gudu da muka shiga a ranar babu wanda yarinyar take ambata kamar wannan jirgin.

Irin wannan ne masoyan wurin suke karewa idan kin ga suna tayar da jijiyar wuya. Mutumin da kakarsa ta riƙe masa hannu a cikin wani jirgin ruwa yana ɗan shekara shida, yana so ya riƙe hannun nasa jikan a cikin jirgin nan dai, a kan kujerar nan dai. Idan aka rushe jirgin, a wurinsa an taɓa tarihin gidansu ne. Shi kuwa kamfani yana kallon fili ne da yawan mutanen da za su iya wucewa a cikin awa guda, yana kuma so kowane lungu ya zama tallan wani fim da yara suka sani a yau. Masu goyon bayan sauyi suna kafa hujja da maganar shi Walt Disney ɗin kansa, wanda ya ce ba za a taɓa gama gina Disneyland ba muddin akwai sauran tunani a duniya, kuma ba su yi ƙarya ba, ya faɗa. Ni dai ina ganin akwai bambanci tsakanin ƙara ɗaki a gida da rushe zauren da kowa ya saba zama.

Abin da ya sa na ce sauyin bai faɗa wa wuraren daidai ba shi ne, hannun rusau ya fi nauyi a Filorida. Tun 1998 aka cire abin hawan Mr. Toad's Wild Ride daga Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa huɗu na Filorida, duk da zanga-zangar da masoyansa suka riƙa yi a cikin wurin, alhali na Kalifoniya yana nan yana aiki tun 1955. EPCOT, wani wurin na Filorida da aka buɗe a 1982 domin nuna kimiyya da al'adun ƙasashe, ta rasa abin hawanta na Horizons a 1999, sannan a 2014 aka rufe jirgin ruwan sashen Norwe aka mayar da shi labarin wani fim na zane. A Yulin 2025 kuma aka rufe kogin Rivers of America na Magic Kingdom tare da tsibirinsa da babban jirgin ruwansa, domin a cike wurin a gina sashen wani fim na zane a kan motoci. Wannan ya fi kowanne yi wa tsofaffin masoya zafi, domin kogin ne wurin da mutum yake samun inuwa da shiru a tsakiyar hayaniya. A Kalifoniya an ɗan rage tsawon kogin lokacin da ake gina sashen Star Wars da aka buɗe a 2019, amma kogin yana nan, jirgin Mark Twain yana nan yana busa ƙahonsa, dutsen Matterhorn na 1959 yana nan. Abin hawan Pirates of the Caribbean na 1967, wanda yake cikin ayyukan ƙarshe da Walt Disney ya sa wa ido, ya kai wajen minti 15 a Kalifoniya, na Filorida kuwa bai cika minti 10 ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Kalifoniya ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. A 2017 an sauya abin hawan Tower of Terror na California Adventure, wurin shaƙatawa na biyu a can, aka yi masa sabuwar riga, kuma abin hawan ruwa na Splash Mountain an rufe shi a wuraren biyu a 2023, aka buɗe shi da sunan Tiana's Bayou Adventure a 2024. A kan wannan na biyun na saɓa da abokaina da yawa. An gina tsohon ne a kan wani fim na 1946 da aka daɗe ana suka saboda yadda ya ƙawata rayuwar baƙaƙen fata a gonakin kudancin Amurka, kuma a ganina sauyin yana da dalilin da ya wuce neman kuɗi. Duk da haka sai da wasu suka ɗebi ruwan wurin a kwalabe a ranakun ƙarshe suna sayarwa a intanet, wanda ya isa ya nuna miki zurfin shaƙuwar. Majalisar birnin Anahaim kuma ta amince a 2024 da shirin faɗaɗa wurin, inda kamfanin ya yi alkawarin zuba aƙalla dala biliyan 1.9 cikin shekara 10, don haka wasu sauye-sauyen suna tafe. Ki je yanzu tun tsoffin abubuwan suna tsaye.

Ga mai kwana huɗu da ƙananan yara, girman wuri ma abin dubawa ne, kuma a nan ne na yi kuskuren lissafi. A Kalifoniya wuraren shaƙatawa biyu ne, Disneyland da California Adventure da aka buɗe a 2001, ƙofofinsu suna kallon juna, tafiyar minti biyu a ƙasa. A titin Harbor akwai masaukai a jere waɗanda daga cikinsu mutum zai tako da ƙafa zuwa ƙofa cikin minti goma ko sha biyar. Amfanin wannan sai mai goyo ya san shi: idan rana ta take, yara suka fara rigima, sai ku koma ɗaki ku yi salla, ku ci abinci, su yi barci, da la'asar ku dawo da sabon ƙarfi har lokacin wasan wuta na dare. A Filorida filin da kamfanin ya saya ya kai wajen eka 27,000, kuma da gangan aka yi hakan, saboda Walt Disney bai ji daɗin yadda masaukai da shaguna suka yi wa Disneyland ƙawanya ba. Sakamakon shi ne wurare huɗu masu nisa da juna, sai da bas ko jirgin ruwa ko jirgin sama-da-dogo. Ko Magic Kingdom kaɗai, bayan kin ajiye mota sai kin tsallaka tafki kafin ki ga ƙofa. Na ɗauka mako guda zai ishe mu mu ga duka huɗun, na zaɓi watan Agusta ba tare da na yi tambaya ba, sai ga zafi mai gumi da hadarin da ke tasowa kusan kowace yamma. Rabin kuɗin da na kashe ya tafi ne a kan kwanakin da muka yi muna jigila da yara gajiyayyu.

Gaskiya ɗaya da zan ba Filorida ita ce, Animal Kingdom, ɗaya daga cikin wurarenta huɗu, da aka buɗe a 1998 tana da dabbobi na gaske, raƙuman dawa da giwaye, kuma fadar Magic Kingdom mai tsayin ƙafa 189 ta ninka ta Kalifoniya mai ƙafa 77 fiye da sau biyu. Wanda yake da kwana goma da manyan yara zai iya morewa.

Sai batun layi, wanda shi ne babbar rigimar shekarun nan. Daga 1999 akwai tsarin FastPass, wanda kowa yake karɓar lokacin shiga abin hawa kyauta. A ƙarshen 2021 aka maye gurbinsa da tsarin biya, wanda yanzu ake kira Lightning Lane, kuma a farkon 2022 aka daina bas ɗin kyauta da ke ɗauko baƙin masaukan kamfanin daga filin jirgin Olando. Masoya da yawa suna ganin daga nan ne aka raba baƙi gida biyu, mai kuɗi ya wuce, marar kuɗi ya tsaya, a wurin da a 1955 dala ɗaya ce kuɗin shiga, yau kuwa tikitin yini guda a ranakun cunkoso ya haura dala 200 a Kalifoniya. Tsarin biyan yana wuraren biyu, amma aikinsa ya bambanta. A tsarin da aka fito da shi a Filorida a Yulin 2024, baƙin masaukan kamfanin suna zaɓen lokutansu kwana bakwai kafin zuwa, sauran jama'a kwana uku, don haka wanda bai san dawan garin ba yakan tarar an kwashe masu kyau. A Kalifoniya sai kin shiga ƙofa a ranar sannan ki fara zaɓe a manhajar waya, kowa ya tashi daga layi ɗaya. Idan kuka isa minti 30 kafin buɗewa a ranar Talata ko Laraba, ba lokacin hutun makaranta ba, za ku gama abubuwan ƙananan yara na sashen Fantasyland kafin hantsi ba tare da kin ƙara ko dala ɗaya ba.

Ba ki tambaya ba, amma dole in ja miki kunne a kan masu sayar da tikiti. A waccan tafiyar tawa ta Filorida na tsaya a wata rumfa a bakin titi mai allon rangwame, wani mutum mai fara'a ya sayar mini da tikitin kwana biyar da ya ce saura kwana biyu a kansa, a rabin farashi. A bakin ƙofa na'ura ta ƙi karɓar yatsana, domin tikitin yana ɗaure da yatsan wanda ya fara shiga da shi. Da na koma rumfar washegari, wani ne daban a zaune, ya ce bai san zancen ba. A Kalifoniya hoton fuska ake ɗauka a shigar farko a haɗa shi da tikitin, saboda haka tikitin da wani ya fara amfani da shi takarda ce kawai a hannunki. Haka masu tallata tikiti a Facebook da suke neman a tura musu kuɗi kai tsaye, da masu alkawarin tikitin kyauta idan kin zauna sauraron tallan sayen rabon ɗaki a gidan hutu, inda ake cewa minti 90 ne amma rabin yini ya tafi ana matsa miki lamba ki sa hannu. Araha ba ta ado. Ki saya daga shafin kamfanin ko manhajarsa, ki biya da katin banki, ki ajiye rasit.

Katin shekara kada ki saya. Tsarin Magic Key da aka fara a Agustan 2021 yana da ranakun da ba a shiga da shi, kuma sai an kama gurbi tun kafin a zo, don haka yana amfanar wanda yake zaune kusa ne kamar ni. Ki sayi tikitin kwana uku, biyu a Disneyland, ɗaya a California Adventure, ki bar kwana na huɗu yara su huta a masauki. Jaririnki tunda bai kai shekara uku ba ba a biya masa komai. A ranar farko, kafin ku nufi ko'ina, ku hau jirgin ƙasa daga tashar da ke saman ƙofar shiga ku zaga sau ɗaya, yara su ga ko'ina daga kan kujera, sannan su faɗa miki inda suke so a fara. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.