Ɓeran kwamfuta Sniffy: ra'ayina bayan na koyar da 'yan sakandare da shi

Malamai 'yan uwana masu koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a sakandare, musamman waɗanda babin koyo da sabo yake wahalar da su, ga abin da na gani game da manhajar nan Sniffy the Virtual Rat. A taƙaice dai ina sonta kuma zan ci gaba da amfani da ita, amma akwai wani gurbi babba da take bari wanda in malami bai cike shi da bakinsa ba to yara za su fita da fahimta rabi da rabi.

Wasu malamai ne a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka ƙirƙire ta, su Tom Alloway da Jeff Graham da abokan aikinsu, tun wajen 1994 suka yi rubutu a kanta, dalilinsu kuwa shi ne ajiye ɓeraye na gaske don ɗalibai akwai tsada ga kuma maganar haƙƙin dabba. In ka buɗe za ka ga farin ɓera a cikin irin akwatin da B. F. Skinner, masanin halayya ɗan Amurka, ya shahara da shi, a jikin bango akwai 'yar liba da ake dannawa, ƙarƙashinta ramin da abinci ke faɗowa, ga bututun ruwa a gefe, ga fitila da sifika. Ɓeran yana ta harkarsa kawai, ya shinshina nan, ya sosa jiki, ya goge fuska, ya miƙe tsaye ya koma, bai san liba ba bai san ka ba. Aikinka shi ne ka sa shi ya koyi danna libar nan da kansa, kuma ba ka da komai a hannu sai maɓalli ɗaya da ke sako ƙwayar abinci.

To a nan ne na ga amfanin abun sosai. Kafin ka zo kan liba sai ka fara koya masa cewa ƙarar da injin abincin yake yi tana nufin ga abinci ya sauko, wato ka jira sai ya matso kusa da ramin ka danna, ya ji ƙas ya ga ƙwaya ya ci, ka bari ya ɗan juya ka sake, a haka a haka har ya kai ko yana can ƙarshen akwati da ya ji ƙarar zai rugo. Sai an gama wannan ake shiga gyaran hali mataki mataki. Da farko duk inda ya miƙe tsaye ka ba shi, in miƙewar ta yawaita sai ka daina biya sai ya miƙe yana fuskantar bangon liba, daga nan sai kusa da libar, daga nan sai hannunsa ya faɗa kanta ta danne abinci ya fito ba da kai ba. Wallahi lokacin da ɓeran ya fara dannawa a jere ajin kan kaure da ihu, yaran da ba sa cewa uffan a darasi za ka ga sun miƙe suna kiran na kusa da su ya zo ya gani.

Abin da yatsansu yake koya a wannan aikin babu bayanin allo da zai ba su shi, koyar da wannan babi da baki kawai kamar koya wa yaro iyo ne a tudu. Yarinya za ta ga ɓeran ya miƙe, ta tsaya ta gaya wa ƙawarta, kafin ta danna ya riga ya sauka yana sosa kunne, to sosa kunnen ta biya ba miƙewar ba, can sai ta ga ɓeranta ya ƙara yawan abin da ba shi take nema ba. Wani kuma rowa ce da shi, yana so daga farawa ɓera ya je ya danna liba kafin ya ba shi ko ƙwaya ɗaya, sai ya zauna yana kallo babu abin da ke motsi. Wani kuma ya cika kyauta, komai ɓeran ya yi ya danna masa, shi ma ba ya zuwa ko'ina. Da na ga sun shiga wannan halin sai in kawo musu gwajin Skinner na 1948, inda ya riƙa sako wa tantabaru abinci duk bayan daƙiƙa 15 ba ruwansa da abin da suke yi, sai ga wata tana ta juyawa, wata tana ta cusa kai a kusurwar keji, kowacce ta riƙe abin da take yi lokacin da abinci ya zo. Yara suna kama wannan nan take saboda yanzun nan suka yi wa nasu ɓeran irinsa. Daga nan in na koma baya na ce Edward Thorndike tun 1898 ya sa kyanwoyi a akwati ya ga duk motsin da ya buɗe ƙofa shi ne yake ƙaruwa, ba na buƙatar dogon bayani.

Akwai wasu 'yan tagogi a gefen allon da ke nuna wai abin da ke cikin kan ɓeran, sanduna ne da ke tsawo, ɗaya na ƙarfin alaƙar ƙara da abinci, ɗaya na alaƙar liba da ƙarar. Suna taimakawa wajen sanin lokacin da za ka wuce mataki na gaba, amma ni na fi so su rufe su a karon farko, domin da zarar sun gan su sai su daina kallon ɓera su koma kallon sanda, alhali shi mai bincike na gaske ba shi da tagar leƙa kan dabba, halinta kawai yake gani.

Ɓangaren da na fi jin daɗinsa shi ne tsarin biyan lada. Manhajar tana zana layi a ƙasa, duk dannawa ɗaya layin ya ɗan hau, in ɓera ya huta layin ya miƙe a kwance, irin zanen da Skinner da Charles Ferster suka cika littafinsu na 1957 da shi. Sai ka canza doka ka ga yadda layin zai canza. In ka ce sai ya danna adadi tsayayye kafin a biya, zai yi ta dannawa da sauri, ya ci, ya ɗan huta, ya sake tashi, layin ya zama kamar matattakala. In ka ce sai bayan lokaci tsayayye, zai yi sanyi bayan ya ci sannan ya ƙara wuta in lokaci ya kusa, nan kam ba sai na ce komai ba su da kansu suke cewa ai haka muke karatu in jarrabawa ta matso. In kuma adadin yana sauyawa, yanzu biyar anjima ashirin bai san yaushe ba, to nan ne za ka ga layi ya miƙe sama ba hutu, kuma in ka yanke abincin gaba ɗaya wannan ɓeran ya fi daɗewa yana dannawa fiye da wanda aka saba biya kowane lokaci. Ina tsayawa a nan in tambaye su sau nawa suke jan allon waya ƙasa don ganin ko wani sabon abu ya shigo, da kuma me ya sa mai caca ba ya iya tashi daga gaban inji. Wannan hirar tana da muhimmanci a wurina ƙwarai, don yaran nan da wayar suke kwana da ita suke tashi, gara su san yadda aka gina ta. Abin lura ɗaya, ba ka tsallakawa daga biyan kowace dannawa zuwa adadi babba kai tsaye, ɓeran zai watsar da aikin, sai ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, wannan ma darasi ne.

Gushewar sabo ma tana fitowa da kyau, ka yanke abinci dannawa ta ragu har ta tsaya, ka cire shi daga akwatin ya huta ka dawo da shi sai ga shi ya sake gwadawa. Suna ganin cewa abin da aka koya ba gogewa yake yi ba, danne shi ake yi.

Inda ban gamsu sosai ba shi ne ɓangaren Pavlov. Kowane yaro da labarin kare da yawu ya san shi, Ivan Pavlov na Rasha wanda ya ci kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, yana sa karnuka su ji wani sauti ko su ga haske kafin abinci har yawu ya riƙa zuba da sautin kaɗai. A Sniffy babu yawu, tsoro ake aunawa, a kunna sauti sai a biyo shi da shokin a ƙafa, bayan an maimaita sai ɓeran ya riƙa daskarewa ya bar danna liba da ya ji sautin. Hanya ce ta gaske, Skinner da ɗalibinsa William Estes suka fito da ita a 1941, kuma lissafinta ba wuya, ka raba yawan dannawa lokacin sauti da jimillar na lokacin sauti da na kafinsa, in ya fito 0.5 babu tsoro, in ya kusa sifiri tsoro ya kama shi. Amma ga ɗan sakandare abun ya yi nisa, sai ya fara fahimtar liba kafin ya fahimci Pavlov, ga shi kuma a nan ba ya yin komai da hannunsa, saiti yake cikawa ya zauna jira. Sannan akwai yaran da ba sa son ganin ana ba ɓeran shokin ko da na zane ne, ni kuma ban taɓa hana su faɗin haka ba, ina ma amfani da damar in kawo maganar jaririn nan Albert da John Watson da Rosalie Rayner suka sa wa tsoron farin ɓera a 1920 a Jami'ar Johns Hopkins ta hanyar buga ƙarfe a bayan kansa, mu tattauna me ya sa yau ba za a yarda da irin wannan ba.

Yanzu ga babban gurbin da na ambata. Sniffy ɓera ne da aka gina daga ka'idojin da ke cikin littafi, saboda haka ba zai taɓa saɓa wa littafi ba. Ba ya ƙoshi, ko ƙwaya nawa ya ci a shirye yake ya ƙara, kuma yana koyo da sauri fiye da ɓeran gaske, an yi hakan ne da gangan don aiki ya yiwu a aji. Matsalar ita ce yaro zai ɗauka ya tabbatar da ka'idar Skinner da gwaji, alhali abin da aka zuba wa kwamfuta ne ta dawo masa da shi. Dabbar gaske tana gardama. Keller da Marian Breland, ɗaliban Skinner ne da kansa da suka koma sana'ar horar da dabbobi, a 1961 suka ba da labarin aladun da suka koya wa kai kuɗin katako cikin asusu, da farko lafiya, daga baya sai aladun suka koma yar da kuɗin suna tura shi da hanci kamar suna tonon abinci, duk da hakan yana jinkirta musu ladan. John Garcia da Robert Koelling kuma a 1966 suka nuna ɓera yana saurin haɗa ɗanɗano da ciwon ciki, amma ba ya haɗa haske da ƙara da ciwon ciki haka, wato halitta ta riga ta zaɓi abin da zai yi sauƙin koyo. Waɗannan biyun dole ka faɗe su da bakinka, in ba haka ba yara za su tafi da tunanin cewa komai da kowa ana iya juya shi da lada, kuma wannan tunanin ba na so ya zauna a kan yaron da gobe zai zama uba ko malami. Haka koyo ta hanyar kallon wani, irin gwajin Albert Bandura na 1961 inda yara suka ga babba yana dukan wata 'yar tsana mai suna Bobo su ma suka kwaikwaya, ɓera ɗaya a akwati ba zai nuna maka shi ba.

Littafin da ke tare da manhajar da Turanci yake kuma don 'yan jami'a aka rubuta shi, ni takarda ɗaya nake tsara musu da matakan a sauƙaƙe. Akwai ƙaramar manhaja mai suna Lite akwai babbar mai suna Pro, ga sakandare ƙaramar ta wadatar, abubuwa masu zurfi irin yadda tsohon sabo ke toshe sabon sabo, wanda Leon Kamin ya yi aiki a kai, a babbar suke kuma da wuya tsarin karatunku ya kai can. A zaunar da su bibbiyu, ɗaya yana dannawa ɗaya yana rubuta abin da ɓera ya yi kafin a biya shi, sai su yi musanya, kuma a ba gyaran halin nan darasi guda cikakke kar a matse shi. Gwajin tsarin lada yana cin lokaci, amma akwai wurin da za ka ɓoye ɓeran lokaci ya yi gudu.

Abu ɗaya da har yanzu yake rikita ɗalibai kuma ban ga aikin liba ya warware shi ba shi ne bambancin hukunci da ƙarfafa hali ta hanyar cire abin da ke damun mutum. Wannan da ƙarar mota nake koyar da shi, wadda ke ta ƙara har sai ka ɗaura bel, ka ɗaura ta yi shiru, gobe ka fi saurin ɗaurawa, hali ya ƙaru ke nan, shi kuwa hukunci rage hali yake yi. Bayan sun gama da ɓeran kuma ina fitar da ɗalibi ɗaya waje, aji su zaɓi wani aiki kamar taɓa taga da hannun hagu, ya dawo ba mai magana, mutum ɗaya ne kawai zai riƙa tafi sau ɗaya duk lokacin da ya kusanci abin da ake so, sannan a tambaye shi yadda ya ji lokacin da tafin ya ɗauke.