Gargaɗi kan masu sayar da darussan hipnosis da alkawarin mallakar zukatan mutane

Akwai wani talla da ya yawaita a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp wanda ya kamata jama'a su yi hattara da shi. Ana nuna gajeren bidiyo na wani mutum da ke kallon idon abokin maganarsa, ya kaɗa yatsu sau ɗaya, sai wancan ya langaɓe kamar an zare masa laka, daga nan kuma ya riƙa aikata duk abin da aka umarce shi. A ƙarƙashin bidiyon sai a rubuta cewa cikin 'yan kwanaki kai ma za ka iya juya tunanin kowa, ka sa wanda ya ƙi ka ya so ka, ko ka sa mai kuɗi ya ba ka abin da ka roƙa, matuƙar ka yi rajistar darasin hipnosis da suke koyarwa, wato dabarar sa mutum ya tattara hankalinsa har ya riƙa karɓar shawarar da ake faɗa masa. Wannan damfara ce, kuma jarinta shi ne kuskuren fahimtar da mutane suka daɗe da shi game da hipnosis.

Yadda suke tatsar mutum ba ya canzawa sosai. Darasin farko kyauta ne, na biyu kuma da ɗan kuɗi kaɗan wanda mutum ba zai ji zafin fitarwa ba. Idan ya gwada abin da aka koya masa bai ga komai ba, sai a ce masa ainihin sirrin yana mataki na gaba, wanda kuɗinsa ya ninka na baya. Idan ya sake kokawa, sai a ɗora masa laifin cewa zuciyarsa na da shakku ko bai yi atisaye yadda ya kamata ba. Ranar da ya nemi a mayar masa da kuɗinsa kuwa, sai a cire shi daga zauren a toshe lambarsa. Da yawa daga waɗanda aka cuta ba sa kai ƙara, domin suna jin kunyar a san abin da suka nema tun da farko, kuma 'yan damfarar sun san da haka sarai.

Hipnosis abu ne da yake da asali, amma ya yi nisa da abin da ake nunawa. Hali ne na tattara hankali wuri ɗaya, inda mutum ke ƙara karɓar shawarar da ake faɗa masa, bisa amincewarsa. Ba barci yake yi ba, yana jin abin da ake cewa, yana iya ƙin bin umarni, yana iya faɗin ƙarya idan ya so, kuma yana iya buɗe idonsa ya tashi. Babu wanda ke maƙalewa a cikin wannan hali ya kasa dawowa, don haka duk wanda ya ce maka an yi maka hipnosis a ɓoye kuma sai ka biya shi zai kwance ka, tsoronka yake son ya ci kasuwa da shi. Batun wani ƙarfi na musamman da ke fita daga jikin mai yin abin ma an daɗe da rushe shi. A shekarar 1784 Sarki Louis na 16 na Faransa ya kafa kwamiti da ya haɗa da masana kimiyya Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier domin binciken iƙirarin likita Franz Mesmer cewa yana warkarwa da wani maganaɗisu na jiki, kuma kwamitin ya gano cewa babu irin wannan ƙarfi, abin da ke aiki shi ne tunani da tsammanin majiyyacin kansa. Ma'aunin gwada yadda hipnosis ke kama mutum da masu bincike na Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar a 1959 ya kuma nuna cewa mutane sun bambanta ƙwarai, waɗanda abin ke kamawa sosai ba su wuce kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Saboda haka masu nuna hipnosis a dandamali domin nishaɗi ke fara gwada 'yan sa-kai su zaɓi mafi saurin bayar da haɗin kai, bidiyon talla kuwa ko wannan ɗawainiyar ba ya buƙata, aboki ɗaya da ya iya faɗuwa ya wadatar.

Wani kayan da suke sayarwa shi ne sauti da ake cewa an ɓoye saƙonni a cikinsa, wai idan mutum ya saurara yana kwance zai yi arziki ko ƙwaƙwalwarsa ta ƙara kaifi. A 1991 masanin halayyar ɗan Adam Anthony Greenwald da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi wa irin waɗannan kaset, inda suka musanya takardun da ke jikin wasunsu ba tare da masu saurare sun sani ba. Bayan wata guda ba a ga amfanin da masu kaset ɗin suka yi alkawari ba, sai dai mutane da dama sun yi imanin sun sami ci gaba a kan abin da takardar ta ambata, ko da abin da ke cikin kaset ɗin wani ne daban. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa shaidar masu cewa sun gwada sun dace ba ta isa hujja ba, ko da da gaskiyarsu suke faɗa.

Takardar shaidar da suke ɗagawa ma kada ta ruɗi kowa. A ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana mutum kiran kansa ƙwararre a wannan fanni, kuma a 2009 wani ma'aikacin BBC a Ingila ya yi nasarar yi wa kyanwarsa rajista a ƙungiyoyi uku a matsayin mai ba da magani da hipnosis, domin ya nuna yadda ake raba irin waɗannan takardu ba tare da bincike ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda damfarar ta taɓa lafiya. Gaskiya ne likitoci na amfani da hipnosis a matsayin taimako wajen rage raɗaɗi da fargaba, kuma hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Birtaniya ta amince a gwada shi ga masu ciwon hanji mai yawan tashi idan magani bai yi musu aiki ba bayan shekara guda. Amma ba ya warkar da ciwon suga ko daji ko hawan jini ko farfaɗiya, kuma duk mai ce wa majiyyaci ya ajiye maganinsa domin ya dogara da sautin da ya saya, da ran mutum yake wasa. Ko a batun barin sigari, nazarin da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta fitar a 2019 bai sami isasshiyar hujja cewa ya fi sauran hanyoyi ba, balle a yi alkawarin warkewa a zama ɗaya. Haka nan masu cewa za su tono maka abin da ka manta, ko su gano maka wanda ya cuce ka kana yaro, suna iya dasa maka abin da bai taɓa faruwa ba, ka kuma riƙe shi da cikakken yaƙini. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi wannan gargaɗi tun 1985, cewa abin da aka tuno ta wannan hanya bai kai tunawa ta yau da kullum inganci ba, kuma zargin da aka gina a kansa yana iya raba iyali.

Wanda ke son koyon hipnosis na yi wa kai domin samun natsuwa ko sauƙin barci, ya nemi likita ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisin da za a iya tantancewa a hukumar da ke kula da aikinsa, mai fama da taɓin hankali kuma kada ya fara sai da sanin likitansa. Wanda ya riga ya biya waɗannan mutane ya adana rasit da saƙonnin da suka yi musaya, ya sanar da bankinsa da gaggawa, ya kai rahoton shafin ga kamfanin da ke ɗauke da shi da kuma hukumar yaƙi da zamba ta ƙasarsa, kuma kada ya ƙara tura ko da ƙaramin kuɗi da sunan kuɗin sarrafa takardun mayar masa da haƙƙinsa.