Faifan garmaho ko dijital: wanne ya fi ingancin sauti?

Ɗan'uwa, ka ce ka saurari wata tsohuwar waƙa a faifan garmaho a gidan kawunka, ka ji kamar makaɗan na zaune tare da ku a ɗakin, amma da ka kunna ta a wayarka sai ka ji ta salam, ba armashi. Shi ne kake tambaya ko faifai ya fi dijital. Kunnenka bai yaudare ka ba, sai dai an ƙwari dijital a wannan gwajin.

A faifai, sassaƙa sautin ake yi cikin wani siririn tsagi, allura ta bi shi tana karkarwa, na'ura ta mai da karkarwar amo. Babban faifan nan mai juyi 33 da sulusi a minti, kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948. Shi kuwa CD, wanda Sony da Philips suka kawo kasuwa a 1982, lambobi yake ajiyewa. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya riƙe duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Maganar da ake yi cewa dijital na yayyanka sauti ya bar giɓi, ba haka abin yake ba.

In ma'auni za a bi, CD ya yi wa faifai fintinkau. Tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa a CD ta kai desibel 96 (ma'aunin ƙarfin sauti kenan), faifai mai kyau kuwa da ƙyar yake wuce 70, domin ƙarƙashin kiɗan kullum akwai sautin gogar allura da ɗan ƙas-ƙas na ƙura. Ga kuma wata matsala da ba kowa ke lura da ita ba: juyin faifai ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma da'irar tana ƙanƙancewa yayin da allura ke matsawa ciki, sai a cusa sauti a ɗan wuri. Shi ya sa waƙar ƙarshe a kowane gefe takan ɗan dishe. Amo mai kauri ma faifai ba ya jure shi da yawa, allura na iya tsalle. Dole a rage shi lokacin sassaƙa, na'urar kunnawa ta mayar da shi, bisa ƙa'idar da RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ta kafa a 1954.

To daga ina daɗin da ka ji ya fito? Wani ɓangarensa daga waɗannan naƙasun ne. Allura da tsagi suna ɗan tausasa kaifin sauti, su ƙara masa kauri, abin da masoya faifai ke kira ɗumi. Kamar tuwon murhu ne da na gas: ƙanshin hayaƙin ƙari ne, amma wani shi yake nema, kuma ni ba na ganin laifinsa.

Babban dalilin dai, a ganina, yana wajen masu haɗa sauti. Tun daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, suna matse waƙoƙin CD don su fi na kowa amo a rediyo, har raɗa da tsawa suka koma kusan daidai. Irin wannan yana gajiyar da kunne. Faifai ba ya ɗaukar wannan matsin sosai, saboda haka sau da yawa akan yi masa haɗi mai sassauci. Ka ga kenan hannun mai haɗin ne ya bambanta. A 2022 kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda masoya faifai ke ji da shi, ya amsa cewa shekara da shekaru yana bi da sautin ta dijital kafin ya sassaƙa faya-fayansa da dama. Masu bugun ƙirji da kaifin kunne sun daɗe suna yabon faya-fayan ba su gane ba.

Sannan dubi abin da ke wayarka. CD na zuba bayanan sauti kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 ɗin da aka fi turawa kuwa 128 ne, an zubar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya. Tsofaffin waƙoƙinmu ma sun fi shan wahala: daga faifai aka kwafa zuwa kaset, daga kaset zuwa kwamfuta, a sake matsewa wajen masu tura waƙa a kasuwa, sannan ta fito ta lasifikar waya da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Kawu kuwa da manyan sifiku na katako yake ji.

In kana son gwaji na gaskiya, samo waƙar a CD ko FLAC, wato fayil ɗin sauti da ba a zubar masa da komai ba, ka haɗa da amfilifaya da sifikun kawu, ku daidaita ƙarar, wani ya riƙa sauyawa kai kana juya baya.

Kafin nan, ka roƙi kawu ya jera faya-fayan a tsaye cikin rigunansu, nesa da taga. Zafin bazara na lanƙwasa su, ƙurar hunturu kuma in ta shiga tsagi, allura ce za ta niƙa ta a ciki.